Dasashin Takwarata

Kafin in san fuskar mutum, bakinsa nake fara sani. Haka aka koya mini, kuma tsufa bai raba ni da halin ba. Mace za ta shigo ta gaishe ni, tana ba ni labarin haihuwa ko na rasuwa, ni kuwa idona yana kan naman da ke riƙe da haƙoranta. Ni ce mai jarfar dasashi a Sabon Garin Maraɗi a zamanin da ake yi, kuma daga nan har Tibiri ban ji an ce akwai wadda ta fi ni hannu ba. In akwai, ba a kawo mini aikinta na gani ba.

A Tibiri na tashi, hannun gwaggona, ƙanwar babana. Ita kuma wurin wata Bafillatana ta koya, wadda ta taɓa yin jinya a gidanta. Ba ta fara ba ni ƙayar jarfa ba. Kan akuya ta fara ba ni, ranar layya, kafin a babbaka shi.

"Ja leɓen ƙasa," ta ce. "Sa yatsa a dasashin. Me kika ji?"

Na ce, "Nama."

"Ke ma nama ce. Tura shi ki gani, ya motsa?"

Bai motsa ba. Sai ta ajiye kan akuyar, ta buɗe nata bakin, ta kama yatsana ta bi da shi wuri wuri. Ta nuna mini faffaɗan sashen da ke manne da ƙashi, mai tauri, a miƙe kamar fatar da aka ɗaure a bakin ganga. Idan aka share yawu da ƙyalle aka duba shi a hasken rana, sai a ga ƴan ramuka ƙanana birjik kamar bawon lemu. Ta ce duk dasashin da na ga yana sheƙi sumul, ba waɗannan ramukan, in ba shi hanya, ba lafiya gare shi ba. Ta nuna mini bakin da ya zagaye wuyan kowane haƙori, kamar wuyan riga, wanda ba a manne yake ba, akwai ɗan lungu tsakaninsa da haƙorin da bai fi ya ɓoye tsinin tsinke ba. Ta nuna mini ƴan harsunan da ke hawa tsakanin haƙori da haƙori suna cike gurbin, masu tsini, ba kumburi. Can ƙasa kuma akwai iyaka, wurin da mai taurin ya ƙare, mai laushi ja wur ya fara, wanda ake hango ƴan jijiyoyi a cikinsa, da wata ƴar igiya da ta ɗaure leɓe.

"Ƙayarki ta tsaya a kan mai tauri," ta ce. "Ba ta taɓa wuyan riga, ba ta taɓa harsunan, ba ta ƙetare iyaka. Ranar da kika ƙetare, kada ki ce ni na koya miki."

Launi kuwa, in ji ta, kowa da nasa. Wani kamar cikin gwaiba, wani Allah ya yi masa baƙinsa tun daga ciki, wani dabbare-dabbare, duk lafiya ne. Abin da ya haɗa su, mai lafiya ba ya zubar da jini don an goga asuwaki, kuma ba ya wari.

Da wannan karatun na ci abinci shekaru masu yawa. Ƙayar aduwa ce, a ɗaure guda guda cikin ɗan dami, sai baƙin gyaɗar da aka ƙona aka kwaɓa da man shanu. Amarya ta ɗora kai a cinyata, ƙawayenta na waƙa don kada a ji nishinta, ni kuma ina sassara. Idan kumburi ya sauka, ta yi murmushi, haƙori fari fat a kan baƙi, har miji ya manta abin da ya shigo faɗa. Matan alhazai mota suke aiko mini. Na shiga gidajen da ko masu unguwa sai sun jira a zaure.

Sai zamani ya juya. Aka ce siyasa ta dawo, kowane lungu da tutarsa, wa da ƙane suka daina cin tuwo kwano ɗaya. Masu wa'azin da suka shigo da sabon karatu suka ce jarfa haramun ce. A rediyo kuma aka ce akwai wata sabuwar cuta da ke bin jini, a guji duk abin da ke huda fata. Mota ta daina zuwa. Ana cikin haka darajar kuɗinmu, sefa, ta faɗi, abin da kika saya jiya yau ya fi ƙarfinki. Na koma soya ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, ni da nake hawa kujerar gaba.

Ɗa guda Allah ya bar mini. Ni na zaɓa masa mata, ƴar Jiratawa, marainiya, kuma abin da na gani a jikinta na so shi ne kunya. Ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Idan ina magana, a durƙushe take ji. Na yi ta yi wa matan unguwa gori da ita. Suka zauna can Jiratawa, yana noman lambu a bakin ruwan da ake sakowa ta magudana. Da ta haihu, mace, sai ya sa wa yarinyar sunana.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba sai an yi masa bayani. Mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗauke shi. Haka kuma ba ta kiran sunan uwar mijinta har ta mutu. To wannan yarinya ga ta ƴar fari, ga ta da sunana. Kunya biyu ta hau kan surukata. Mutanen gida suna ce wa yarinyar mai sunan Inna, ni ina ce mata takwara, uwarta kuwa ba ta ce mata komai. In ta kama dole, sai ta ce "waccan".

Da haƙoran takwarata suka gama fitowa, na ɗora ta a cinya na ɗaga leɓenta. Na ga bakuna da yawa, amma ban ga irin wannan ba. Launin cikin gwaiba, a miƙe, harsunan nan a jere kamar an yanka su da aska, ga ƴar wushirya. Na ce mata, "Takwara, ko duk garin nan sun daina, ke sai na yi miki. Ke ce aikina na ƙarshe." Na ɗaure dami ɗaya na ƙayar aduwa na sa a gwangwanin madara na ajiye. Tana girma tana sanin zancen. Duk zuwan da za a kawo ta, sai ta ce, "Kaka, ina ƙayata?" In ce, "Tana nan, sai kin yi miji. Wa ma zai kwashe ki da wannan hancin?"

Shekarar da ta kai kamar huɗu, damina ta yi gardama, injin ruwan lambu kuma ya tsaya, ba mai gyara. Ɗana ya bi masu fataucin mai ya ƙetara Nijeriya, ya daɗe ba labari. Baƙon dauro ya shiga Jiratawa gida gida. Na ji an ce ya kama takwarata ya sake ta, na yi hamdala, na aika da ƙuli-ƙuli.

Wata ranar kasuwa sai ga surukata da ƙullin zogale a ka, ita kaɗai. Ta durƙusa muka gaisa.

"Ina takwarata?"

"Tana nan."

"Ta warware?"

"Da sauƙi, Inna." Ta murza bakin zane. "Sai dai ba a son tuwo."

Na yi dariya. Na ce, "Halina ne ta ɗauko, zaɓen abinci. A dama mata hura."

Ta ce to. Maimakon ta tashi ta kama hanya, sai ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida. Ta wanke mini kwanoni. Ta cika randa. Ta sake ɗaukar tsintsiyar. Sai da rana ta karkata sosai ta yi sallama, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta ce, "An ce ko Inna za ta leƙo," sannan ta fita.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, mai sayar da daddawa, da ke zaune tana tsince wake tun zuwan yarinyar. Bayan fitarta ta ce mini, "Ke da kike alfahari da ido. Wa ya ce a leƙo? Mijinta na Nijeriya, uwarta na kabari."

Na ce, "Gaisuwa ce."

"Gaisuwa ce ta sa ta share inda ta share? Wadda ta share wuri mai tsabta, magana ce ta tsaya mata a wuya. Ni dai in da jikata ce, da na kwana da mayafi a kusa."

Da safe na shiga motar kasuwa zuwa Jiratawa.

Tun daga bakin ɗakin na ji warin. Duk wadda ta yi aikin baki ta san warin haƙorin da ya ruɓe, ta san na wanda bai yi asuwaki ba. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Wari ne irin na naman da aka manta a cikin tukunya. An turara ɗakin da saiwoyi, don matan gidan sun ce ciwon iska ne, amma turaren bai rufe komai ba. Takwarata na kwance a tabarma, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, an ɗaure mata haɓa da ƙyalle mai tsabta, yawu na zuba.

Na ce, "Takwara, an ce kin yi yaji da tuwo. Mijin naki ne ya hana?"

Ta so ta yi dariya, ta kasa. Na fito da ita haske, na kwance ƙyallen. Kumatun hagu ya kumbura ya yi tauri, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan tabo mai duhu, bai kai girman ƙwayar gujiya ba. Na ɗaga leɓen a hankali.

Gefen dama yana nan yadda na san shi. Gefen hagu kuwa ban gane shi ba. Harsunan nan da ke tsakanin haƙora sun tafi, kamar an gutsure su, an bar ramuka masu toka-toka. Wuyan rigar ya saki, haƙora biyu na rawa. Faffaɗan mai taurin, wanda ba ya motsi, ya zama kamar tsumman da ya jiƙe, yatsa na taɓawa jini na biyowa. Iyakar da gwaggona ta ce kada ƙaya ta ƙetare, babu ita, ciwon ya share ta ya hau cikin kumatu.

Na taɓa ganin irinsa sau ɗaya a Tibiri ina budurwa. Gwaggo ta kira shi zaizayar baki. Yaron bai yi mako ba.

Na juya. Surukata na tsaye nesa, jikin rumbu, ta ba mu baya tana gyara abin da bai lalace ba. Na ce, "Ɗauko mayafinki." Ni na goya yarinyar, don ita ba za ta goya ta a gaban mutane ba.

Muka iso Maraɗi da azahar. Ma'aikatan likita, wato asibiti, na yajin aiki, an daɗe ba a biya su ba, ƙofofi a rufe, mutane kwance a gindin itatuwan bedi. Wani majo, babban ma'aikacin jinya, shi kaɗai ya rage yana duba masu tsanani, dattijo mai furfura, idonsa ja don gajiya. Warin ne ya sa aka ba mu hanya. Ya haska bakin da tocila, ya duba lungu lungu.

"Yaushe ya fara?"

Na ce, "Ban sani ba, yau na gani."

"Ke ce uwar?"

"Kakarta ce."

"To ina uwar? Ita nake so. Ina son in san yadda ya fara, da abin da aka sa mata, da ko tana haɗiye ruwa."

Surukata na rakuɓe a bayan ƙofa. Majo ya dube ta ya ce, "Ke ce?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Baiwar Allah, mutane na jira. Ɗiyarki ce ko ba ɗiyarki ba ce? Yaya sunanta?"

Na buɗe baki zan amsa mata, kamar yadda aka saba. Sai na ji muryarta.

"Ɗiyata ce."

Ta faɗi sunan. Sunana, a gabana, a gaban namiji baƙo. Tun da aka kawo ta gidan ɗana ban taɓa jin sa a bakinta ba. Daga nan kuma ba ta tsaya ba. Ta ce bayan baƙon dauro ya sauka ne ta ga ɗan jini a bakin kofi. Ta ce ta duba ta ga wani ɗan miki a gindin haƙorin ƙasa na hagu, fari-fari, kamar ƙwayar gero. Ta ce ta wanke da ruwan gishiri, ta wanke da ruwan bagaruwa. Ta faɗi ranar da warin ya fara, da ranar da haƙori ya soma rawa, da ranar da kumatu ya tashi. Ta ce ruwa na wucewa in an ba ta da cokali ta gefen dama. Babu abin da ya wuce ta. Ashe duk lokacin da matan gidan suka tafi rijiya, sai ta ja ƙofa ta buɗe bakin yarinyar ta duba. Ta faɗa wa matan gida a kaikaice, suka ce iska ce. Ta tako har Maraɗi ta faɗa mini iyakar abin da tarbiyyarta ta yarda ta faɗa, ni kuma na ji ta kamar yadda kowace uwar miji za ta ji.

Majo ya ce, "Allurai za a yi ta yi mata, a wanke bakin safe da yamma, a ba ta abin da zai mayar mata da jiki, madara, ƙwai, kunun gyaɗa. In Allah ya so za ta tashi." Ya sa yatsa kusa da tabon nan mai duhu. "Amma wannan ya riga ya mutu. Duk inda ya yi baƙi zai faɗi. Ba ni da abin da zan yi masa."

Na ce, "Da an zo da wuri fa?"

Ya dube ni, ya dubi surukata, ya ce, "Hajiya, je ki nemo maganin."

A likita babu magani, sai a kanti. Na fitar da tasoshina na aure da zannuwan da matan alhazai suka ba ni, dillaliya ta kwashe. Ban yi ciniki ba.

Wankin bakin ni na karɓa, don hannuna ya saba, kuma yarinyar ba ta yarda da kowa sai ni. Uwarta ke riƙe kanta a cinya, a tsakar gidana, ko da an yi baƙi a gidan. Kullum ina ganin baƙin tabon yana ƙara faɗi, gefensa na rabuwa da mai rai kamar yadda bawo ke rabuwa da itace. Wata safiya ya biyo ƙyallen. Haƙora suka biyo, da wani ɗan guntun ƙashi. Aka bar rami daga kusurwar leɓe zuwa tsakiyar kumatu, ana hango harshe ta ciki. Takwarata ta ce, "Kaka, iska na shiga." Na ce, "Taga muka yi miki, ɗakin ya yi zafi." Uwarta ta tashi ta shiga bayan gida ta daɗe.

Ta rayu. Naman ya warke ya tattare, ya ja bakin gefe guda, muƙamuƙin ya ƙi buɗewa sosai. Ubanta ya dawo ya gan ta, ya zauna a zaure bai ci abinci ba. An sa ta lakwal, makarantar boko, yara suka sa mata suna, ta daina zuwa. Bayan shekaru wasu likitoci baƙi suka zo, aka kai ta, suka yanko fata daga wani wuri a jikinta suka toshe ramin. Sun yi ƙoƙari, ruwa ya daina zuba. Amma abin da suka sa fata ce. Na duba ciki, sumul yake, ba ramukan bawon lemu, ba harsuna, ba haƙorin da za su zagaye. Dasashi in ya tafi ba ya dawowa.

Ta girma a gidana, tana ɗinkin hula, mayafi kullum a riƙe da haƙoran dama. Wata rana da hantsi, ta zama budurwa, ina zaune ina shan rana, sai ta fito da gwangwanin madarar nan ta ajiye a gabana.

"Kaka, ƙayata."

Na ce, "Kin yi mijin ne?"

"Kin san ba mai zuwa. Ki yi mini gefen da ya saura."

Na ce ta kwanta. Ta ɗora kai a cinyata kamar yadda amare suke yi. Na ɗaga leɓen dama, na share da bakin zane, na juya ta wajen rana. Yana nan. Launin cikin gwaiba, a miƙe a kan ƙashi, ramukan nan birjik, harsuna a jere da tsininsu, iyaka a fili kamar an ja ta da zare. Rabin baki ne, amma har yau ban ga wanda ya fi shi ba.

Na daɗe ina kallo. Hannuna bai yi rawa ba, kada wani ya ce tsufa ne. Na ce, "Tashi."

"Kin fasa?"

"In na baƙanta shi, ranar da wani abu ya taɓa shi ba mai gani da wuri. Wannan kaɗai ya rage mana. A bar shi inda ido zai kai."

"Alkawari kika yi."

"Na yi."

Ta ɗauki gwangwaninta ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Ban san inda ta kai ƙayar ba, ban kuma tambaya ba.

Uwarta kuwa tun daga ranar majo ba ta koma ce mata "waccan" ba. Da sunanta take kiranta, a tsakar gida, a bakin rijiya, a cikin kasuwa. Matan Jiratawa sun ce zaman likita ya cire mata kunya, har wasu sun kawo mini ƙara, wai ni ake wa rashin ladabi. Na ce su bar mini abina. In ta zo Maraɗi ta tsaya a zaure ta ɗaga murya, mu biyu muke waiwayawa, ni da mai mayafin.